Gwangwanin Man Birki

Shekarar da na koma gida goyon cikina na fari, na tarar an rushe katangar gidanmu ta gabas. Na tsaya da tsohon ciki ina salati, don na ɗauka ruwan sama ne ya yi mana ɓarna ba a aiko mini ba. Ashe Yaya ne, babban wanmu. Shi ya sa aka fasa katangar da Baba, Allah ya jiƙansa, ya gina da hannunsa, aka kafa ƙyauren langalanga a wurin, don kawai mota ta samu hanyar shigowa ta kwanta a gindin darbejiya.

Da ma motar kirki ce, da sai in ce to. Wata 'yar ja ce mai ƙofa biyu, bayanta a datse, ba ta da but irin na motocin mutane, sai wani murfi da ake ɗagawa har da gilashinsa. A hannun wani Bature ya saye ta, injiniyan hanyoyin ruwa da ya daɗe yana zaune a otal ɗin Bagauda, da zai koma ƙasarsu. Ta tsufa tun kafin ta zo hannun Yaya, amma tsufan bai taɓa mata gudu ba. In ta hau kwalta daga Kwanar Dangora, babu motar da ke ganin bayanta sau biyu. Mutanen garinmu suka sa mata suna Guntuwa. In ya tashe ta da safe, kajin unguwa sai sun watse, jarirai su farka, tsofaffi su yi ta Allah ya shirya.

Makanikai kuwa sun sallama ta. Wai ba ta da kafireto, wasu siraran bututu ne ke fesa mata fetur. Wani a Kwana ya buɗe bonet, ya leƙa, ya rufe, ya ce wa Yaya Allah ya ba da sa'a. Tun daga ranar Yaya ya zama makanikin kansa. Malamin gona ne a Doguwa, can iyalinsa suke, amma duk ƙarshen mako sai ya kamo hanya ya zo gida, ya tuɓe kayan aiki, ya zura wata tsohuwar jamfa da ta daina sanin launinta, ya shimfiɗa tabarma ya shige ƙarƙashin Guntuwa. Farantan Inna duk sun koma na zuba noti. Kwanon shan da aka saya saboda baƙi ya zama na wanke fulogi. Ni kaina na nemi buroshin haƙorina na rasa, sai ga shi a hannunsa baƙi ƙirin yana goge wani ƙarfe da shi. Na yi masifa har muryata ta dushe, ko ɗagowa bai yi ba.

Inna ita ce ba ta taɓa cewa uffan ba, kuma ba don abin bai dame ta ba. Yaya ɗan fari ne. Inna kuwa 'yar rugar Falgore ce, a can aka haife ta, da kunyar Fulani aka yaye ta. A ko'ina a ƙasarmu uwa tana kunyar ɗan fari, amma ta Inna ta wuce misali. Tun da aka yaye shi kakarmu ta wajen uba ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Inna ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye. Ko wani mai irin sunan ya shigo gidan, sai dai ta ce mai sunan wancan. In ya durƙusa a bakin ƙofarta ya ce, “Inna, ina kwana?” sai ta juya ta dubi duk wanda ke kusa ta ce, “A ce masa lafiya lau.” In babu kowa, bango take gaya wa. Mu da muka tashi muka tarar da abin haka, bai taɓa zame mana abin mamaki ba. Ni ce auta, ni ake goyo har ƙafata na jan ƙasa, saboda haka ni na zama 'yar aike tsakaninsu. Ki ce wa wancan abinci na hucewa. Ki ce wa wancan ya bar zama a ƙasa, akwai sanyi. Ga shi zaune, taku kaɗan tsakaninsu, yana ji, amma sai na maimaita.

Na sauka lafiya ana cikin kaka, aka shiga wankan jego. Goggo, ƙanwar Baba, ita ta zo ta tare don yi mini wanka, safe da yamma, da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya, kuma ba ta san wani abu wai shi tausayi ba. A tsakanin nan Yaya ya ɗauki hutu, ya ce zai yi wa Guntuwa gyaran birki gaba ɗaya. Dalilinsa mai ƙarfi ne. Hanyar Doguwa sai ta ratsa dajin Falgore, ga gangara, ga kwana, ga shanu da kan faɗo titi ba sallama, shi kuma ba ya jin tafiya in bai taka totur ba.

Lokacin kayan mota sun yi wuya, na jabu sun cika kasuwa. Tun farkon shekara ya samo wani gwangwanin man birki mai kyau a Kano, babba, ya ɗan tsiyaya kaɗan ya rufe, ya aiko aka ce wa Inna ta ajiye masa a ƙarƙashin gadonta, don ɗakinta ne kaɗai yara ba sa yi wa kutse. Ranar gyaran ya ce in ɗauko. Ya ɗage motar da jak, ya tokare ta da guntayen itace, ya cire tayoyin huɗu, ya sauya abin da zai sauya, ya tsiyaye tsohon mai tas. Saura fitar da iska daga bututun birki, wannan kuwa aikin mutum biyu ne.

“Mai jego, zo ki hau.”

“Yaya, ɗanyen jiki gare ni fa.”

“Ƙafa kawai nake so, ba noma na ce ki yi ba.”

Na hau kujerar direba, karo na farko a rayuwata, Goggo tana ta faɗa daga madafa. Shi yana kwance a ƙasa da sifana, ni ina taka birki. “Danna. Danna. Riƙe! Saki.” Haka muka yi ta yi daga wannan taya zuwa waccan, yana tashi yana ƙara mai daga gwangwanin. Na gaji na ce masa wannan wane irin tsirfa ne, mai ai mai ne, ga baƙin mai can a galan, a zuba a huta mana.

Ya fito daga ƙarƙashin motar ya dube ni kamar na zagi wani babba.

“Ke, kada in ƙara jin wannan maganar a bakinki. Ran mutum a cikin gwangwanin nan yake. Duk wani mai da aka zuba wanda ba shi ba, robobin ciki ne za su kumbura su lalace. Yau ka taka ta tsaya, gobe ma haka, sai ranar da kake gangara ka taka ka ji ƙafarka ta tafi har ƙasa.”

Inna tana bakin ƙofarta tana ɓarar gyaɗa. Na ji ƙwaryar hannunta ta faɗi, gyaɗa ta watse, kaji suka yo caa. Na ce, “Inna, lafiya?” Ta ce hannunta ne ya kuɓuce.

Abin da ban sani ba a ranar, wanda sai daga baya ya fito, shi ne fiye da rabin abin da ke cikin gwangwanin nan ba man birki ba ne. A wancan zamanin kowa a yankinmu ya yarda man birki magani ne. Ana shafa wa makero, ana ɗiga wa ƙuna, Fulani na sa wa shanu a miki. Wata maƙwabciya ce ta fara zuwa, jikanta ya taka wuta, ta ce ta ji an ce akwai man mota a gidan nan. Inna ta tsiyaya mata a cokali. Labari ya bazu. Yau mai makero, gobe mai kaushi, jibi dangin Inna daga ruga sun kawo nono da 'yar kwalba a hannu. Wace ce Inna da za ta hana maƙwabci magani yana ƙarƙashin gadonta? Da ta ga gwangwani na sauƙi, hankalinta ya tashi, ga amanar ɗan fari. Ta duba ta ga man keken ɗinkina da na bari a ɗakinta launinsu ɗaya, ruwansu ɗaya. Sai ta cike gurbin da shi. Da wannan ya ƙare ta sa ɗan koli ya riƙa kawo mata ranar kasuwa. A ganinta ta mayar da abin da ta ɗauka, har da ƙari.

Yanzu kuwa ta ji da kunnenta abin da ta aikata, kuma man ya riga ya shiga mota.

Har yau in na tuna kwanakin da suka biyo baya sai tsigar jikina ta tashi. Da yammar ranar Yaya ya fita gwaji, ya je Kwana ya dawo yana washe baki, wai birki kamar na sabuwa. Na ga Inna ta sauke ajiyar zuciya. Wataƙila ta ce a ranta faɗa ne kawai irin na masu mota. Amma maganar yau ta tsaya, gobe ma haka, ta riga ta zauna mata. Ta daina cin abinci. Ta zuba gishiri sau biyu a miya. Ta ɗauki buta ta nufi bayi, sai in gan ta tsaye a gindin darbejiya tana kallon tayar mota.

Ta so ta gaya mini, na tabbata. Sau ɗaya ina shan kunun kanwa ta zauna kusa da ni ta ce, “Auta, wai da gaske mai yana da iri-iri?”

Na ce, “Inna, ni ina ruwana da mai? Ki bar ni da zafin ruwan Goggo.”

Ta tashi ta bar ni. In za ta faɗa mini, dole sai ta buɗe baki ta ce ta sa hannu a kayan ɗanta na fari, ta rufe da dabara, ni kuma in kwashi wannan magana in kai masa tana zaune tana ji. Macen da ko ruwa ba ta iya miƙa masa hannu da hannu. Gaba kura, baya sayaki.

Ana gobe zai koma aiki ta kira ni. “Ki ce wa wancan ya bar motar nan a gida, ya bi ta haya.”

Na je na faɗa. Ya yi dariya. “Ki ce mata na kashe hutuna a kan mota, sannan in shiga ta haya a matse ni da buhunan masara?”

“Ki ce masa jikina ne bai ba ni ba.”

“Ki ce mata ta yi mini addu'a kawai.”

Na gaji da kai-kawo na ce su biyun su tausaya mini, jego nake yi. Inna ta shiga ɗaki ta saki labule.

Da safe rana ta ɗan ɗaga, Goggo ta sauke tukunya ta tasa ni gaba zuwa bayan danga. Na tuɓe, ta fara tsoma ganye tana fyaɗa mini, ina cije leɓe. Ina jin Yaya yana ta shiri, yana buɗe ƙyauren langalanga, ya tura motar waje. Ya je ya durƙusa ya yi wa Inna sallama, ban ji abin da ta gaya wa bango ba. Sannan ya matso kusa da danga ya ɗaga murya.

“Goggo, na tafi. Mai jego, a sha kunu da kyau.”

Goggo ta ce, “Allah ya tsare. Motar dai ta gyaru ko?”

“Ta gyaru. Na ji birkin ya ɗan yi laushi da safen nan, iska ce ta rage. In na isa Doguwa na duba.”

Ya fita. Ban kai ga ɗaukar maganar da wani muhimmanci ba sai na ji takun Inna da sauri, ta zo ta kama dangar tana girgizawa.

“Auta! Auta, fito!”

“Inna, tsirara nake!”

“Fito ki tsayar da shi!”

Goggo ta ce, “Ke kuwa lafiya? Ta fita da ruwan zafi a jiki iska ta buge ta?”

Sai injin ya tashi. Duk wanda ya san Guntuwa ya san in ta yi wannan gurnanin ba ta jira. Inna ta saki dangar. Ta tsakanin karare na hango ta ta faɗa ɗaki, ta fito da gwangwanin a hannu, ta nufi ƙofa a guje. Ban taɓa ganin Inna tana gudu ba. Babu mayafi, babu takalmi, ɗankwalinta ya faɗi a tsakar gida ba ta waiwaya ba. Matar da rabonta da leƙa ƙofar gida da rana tun rasuwar Baba.

Sannan na ji ta kira shi.

Sunansa na yanka, gaba ɗayansa, da iyakar ƙarfinta, har muryar ta tsage a ƙarshe. Ganyen ya faɗi daga hannun Goggo. Ta dafe ƙirji ta ce, “Innalillahi wa inna ilaihi raji'un,” irin yadda ake faɗa in an aiko da mutuwa. Ni kuwa ruwan da ke ƙona ni na ji ya zama sanyi. Na tsorata fiye da ranar naƙuda. Ban san komai game da abin da aka yi wa man ba a lokacin, abin da na sani kawai shi ne duk abin da ya fitar da sunan nan daga bakin Inna ya fi ƙarfinmu.

Injin ya canja murya, sai wani ƙuuu, sai ƙarar karare na kakkaryewa, sai dum. Daga nan shiru.

Na fizgi zani na ɗaura a ƙirji na fita, tururi na tashi daga jikina. Daga ƙofar gidanmu hanya gangara take yi zuwa kududdufi. Motar ba ta yi nisa ba. Ta saki hanya, ta ratsa dangar maƙwabcinmu, ta tura hancinta cikin tarin karan dawa da aka jingine a jikin rumbu. Daga baya Yaya ya ce da ya ji kiran ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa kamar ya taka auduga. Ya sake takawa, babu. Sai ya ja na hannu ya karkatar da sitiyari. A lungun gidanmu ke nan, bai ko sa giya ta uku ba. Na daɗe ina hana zuciyata lissafa abin da zai faru da a gangaren Falgore ne.

Mutane suka firfito, maza da mata, amma babu mai kallon motar. Kowa Inna yake kallo. Tana tsaye a tsakiyar hanya, kai a buɗe, furfura a waje, gwangwani a hannu. Wata tsohuwa ta cire gyalenta ta yafa mata.

Yaya ya buɗe ƙofa ya fito da kyar, leɓensa ya fashe inda ya bugi sitiyari, jini na ɗiga a rigar aiki. Bai dubi motar ba, shi da ko kaza ta hau bonet sai ya yi mata faɗa. Ya tako ya hauro gangaren yana duban fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya, har ya iso gabana.

“Wa ya kira ni?”

Na nuna masa da hannu.

Ya juya ya ga Inna. Ya daɗe yana kallonta, abin da bai taɓa yi ba, sannan ya durƙusa a nan cikin ƙasa. Mutum mai mata da 'ya'ya, mai gemu.

Inna ta ja gyalen ta rufe rabin fuskarta. Ta miƙo mini gwangwanin, ta ce, a hankali, muryar duk ta dushe, “Ki ce wa wancan man keken ɗinki ne a ciki. Ni na zuba. Na ba mutane nasa sun yi magani.” Ta juya ta shiga gida.

Na tsaya da gwangwani a hannu, bakina a buɗe. Sai a lokacin komai ya haɗu a kaina, faɗuwar ƙwarya, da gishirin miya, da tambayar da ta yi mini. Na maimaita masa saƙon, ko da yake ya ji, duk unguwa ma ta ji. Na zaci zai yi maganar robobi, ko ya tambayi tun yaushe, ko ya dafe kai saboda aikin da ya koma ɗanye. Ya goge baki da bayan hannu, ya ce, ba tare da ya ɗago ba:

“Ki ce mata ta sake. Injin yana ƙara, ban ji sosai ba.”

Wallahi sai da na ji kamar an soke ni. A duk aiken da na yi tsakaninsu, babu wanda ya yi mini nauyi kamar wannan. Na shiga gida ina kuka, Goggo na bina da faɗan iska za ta shige ni. Na tarar da Inna a bakin gado, ta ɗaura ɗankwali, hannuwanta a cinya. Na durƙusa na faɗa mata yadda ya faɗa, ban rage ko kalma ba.

Leɓenta ya motsa. Na riƙe numfashi, don na san yana tsaye a bayan labule.

Ta ce, “Ki ce masa ya wanke bakinsa da ruwan gishiri, jini yake yi.”